Da Hannuna Na Taɓa Ƙullutun, Amma Na Ce Ta Ci Zogale

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni ce matar da ake jira idan magana ta cije a danginmu. Na ɗan haura arba'in, ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Kiru, ba nisa da Ɗansoshiya, da yamma kuma ina zuwa Islamiyyar matan aure. Ni ce babba a ɗakinmu, ni kaɗai na yi boko mai ɗan nisa, kuma baki dai Allah ya hore mini shi. Idan na yanke magana ba na son a ce mini amma. Ƙannena sun san haka, mazajensu ma sun sani, maigidana kuwa tun tuni ya koyi yin shiru har in sauke. Edita, ina roƙon a sakaya sunana, don waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma ba su na zo tona wa asiri ba, kaina na zo tona wa.

Innarmu ciwon dajin nono ne ajalinta. Sana'arta suyar ƙosai da safe, matsar man gyaɗa da rana, kuma mace ce da ba ta cin tuwo sai man shanu ya kwanta a kan miya. Da ciwon ya bayyana, mutanen gari suka ce daji ba ya son allura, in aka kai shi asibiti aka taɓa shi da ƙarfe sai ya fusata ya bazu. Haka aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har nonon ya fashe. Ni na yi jinyarta, ni nake wanke wurin, ni nake ƙona tsummokaran. Har yau akwai warin da in na ji shi sai abinci ya fita daga raina. Da muka kai ta asibiti daga ƙarshe, sai maganin rage raɗaɗi kawai aka iya ba ta, muka dawo da ita gida ta cika a ɗakinta. Na yi rantsuwa a raina cewa wannan ciwo ba zai sake ɗaukar kowa a ɗakinmu ba.

Bayan rasuwarta da 'yan watanni na ji wani shiri a rediyo. Wani likita yana bayanin cewa irin abincin da mace take ci yana iya rage mata haɗarin kamuwa da wannan ciwo. Ya ce a yawaita ganye da wake da 'ya'yan itatuwa da hatsin da ba a surfe shi tas ba, a rage maiƙo da kayan zaƙi da lemon kwalba, a guji tara teɓa, a riƙa motsa jiki, mai jego kuma ta shayar da ɗanta yadda ya kamata. Ya kuma ce mace ta riƙa shafa nononta tana dubawa, in ta ji wani ƙullutu kada ta kwana da shi, ta je asibiti. Wannan ƙarshen ma na ji shi, ba zan yi ƙarya ba, amma kunnena ya ɗauki wanda yake so ya bar saura. Nan take na samu mai laifi, na ce kaskon suyar Inna ne ya kashe ta. Na kewaye bayan gidana na shuka zogale da rama da alayyahu, na kori soye-soye daga madafata, na koma tuwon dawa da miyar ganye da dafaffen wake. Maigidana ya ce shi dai mace ya aura, bai san za a mayar da shi akuya ba. Matan Islamiyya suka laƙaba mini malamar zogale, don ko gaisuwar mutuwa na je sai na yi wa'azin ganye. Ina jin daɗin sunan fiye da yadda nake nunawa.

Ina da ƙanwa, autar ɗakinmu, wadda kusan ni na raine ta. Yarinya ce mai sanyin hali, in na ce mata rana ta faɗi da hantsi sai ta ce to Yaya. Tana aure a Tudun Wada, mijinta direban motar haya ne, yana lodi a Kwanar Dangora zuwa Kano kullum. Da ta haifi ɗanta na uku, namiji, sai aka kawo ta gidana wankan jego, tunda Inna ba ta nan kuma ni ce a madadinta. Tun ranar ƙauri muka fara samun saɓani da dangin mijin. Surukarta ta aiko da ƙafafun saniya da ƙwaryar man shanu da yaji, yadda aka saba. Na raba ƙaurin ga maƙwabta, na ɗan tsakura wa mai jego, man shanun kuwa na ɗaga shi can saman kanta. Kunun kanwa ma na hana. Tsohuwar ta aiko da saƙo cewa ita ba ta taɓa jin mai jegon da aka yi wa jego da kwaɗo ba. Na ce a gaya mata zamani ya canza.

Ni nake yi mata wanka safe da yamma. In tafasa ruwa a babbar tukunya, in ɗauki damin ganyen darbejiya ina tsomawa ina fyaɗa mata, sannan in gasa mata nono da tsumma mai zafi don ruwan ya sauko sosai. Wata safiya, kwana goma sha biyu da haihuwa, ina gasa na hagu sai yatsuna suka ci karo da wani abu ta gefen da ke kusa da hammata. Ƙullutu ne mai tauri, girmansa bai wuce ƙwallon aduwa ba. Na danna, bai motsa ba. Na tambaye ta ko da zafi, ta ce babu, ta ce ai tun cikin yana wata bakwai take jin sa, ta ɗauka na ciki ne, in ta haihu zai baje. Hannuna ya tsaya a wurin. Wannan hannun nawa ya taɓa irin wannan abu a jikin Inna. Ƙanwata ta dube ni, ta tambaye ni a hankali ko irin na Inna ne, ko in ya so a gaya wa baban yaron ya kai ta asibiti.

Nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na yi dariya, na ce mata nono ne ya daskare, kowace mai jego tana samun haka. Na ce ko da ma wani abu ne, ai ta faɗo hannun wadda ta san maganinsa. Na hana ta gaya wa mijinta, na ce namiji in ya ji irin wannan sai ya ɗaga hankalin dangi gaba ɗaya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shekaru ina yi wa masu cewa daji ba ya son allura kallon jahilai, amma da abin ya zo ɗakina ni ma gudun asibitin na yi, sai dai na yi wa nawa gudun ado da maganar rediyo. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ba na son wani ya buɗe baki ya kira sunan ciwon a kan yarinyar da na goya. Kuma akwai girman kai a ciki, don in malamar zogale ta kai ƙanwarta asibiti da wannan ciwo, me za ta gaya wa matan Islamiyya?

Daga ranar na tsananta mata. Ruwan dafaffen zogale da safe, kwaɗon rama da rana, tuwon dawa da miyar kuka ba ɗigon mai da yamma. Nama sai ɗan kaɗan ranar Juma'a, sukari ko a mafarki. Mace tana shayarwa, yaro yana tsotse ta, ni kuma ina auna mata abinci kamar mai ba da magani. Kullum wajen wanka sai na taɓa wurin, kullum sai in ce mata ya fara laushi. Bai fara ba. Da ta yi arba'in na haɗa mata buhun busasshen zogale da kuka da wake, na ja mata kunne a kan suya, mijinta ya zo ya ɗauke ta yana ta yi mini godiya, yana cewa ko Inna tana raye iyakar abin da za ta yi ke nan.

Watannin da suka biyo baya ban san kwanciyar hankali ba. Duk bayan kwana biyu sai na kira ta a waya, gaisuwa kaɗan sai in tambayi wurin. Ta ce kamar ya ragu. Wani lokaci ta ce kamar yana nan. Da yaron ya kai wata huɗu ta gaya mini ya daina kama nonon hagu, in ta sa masa sai ya kau da kai yana kuka. Maimakon in ce ta shirya mu tafi, sai na hau bincikar abin da ta ci. Da ƙyar ta amsa cewa ta je suna a maƙwabta, an matsa mata ta ci soyayyen nama guda biyu da lemon kwalba. Na zazzage ta tas. Na ce ita take ciyar da ciwon da hannunta, ni ina gini tana rushewa, in tana so ta bi Inna to ta ci gaba. Ta yi ta kuka tana ba ni haƙuri. Ku duba wannan zalunci, ni na hana ta zuwa asibiti, kuma ita ce take roƙona gafara a kan tsokar nama biyu.

Ba da daɗewa ba mijin ya gane, don abin da ke ƙirjin mace ba ya ɓuya wa mijinta har abada. Ya kira ni, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo irin wadda ake yi wa suruka, ya tambayi yara da maigida da makaranta, sannan cikin jin nauyi ya ce ya lura da wani abu a jikin maman yaran. Ya ce motarsa kullum sai ta shiga Kano, ba wani abu ba ne ya ɗauke ta a duba, amma ba zai yi gaban kansa ba sai da izinina tunda ni ce uwa. Ban gaya masa na san da abin tun jego ba. Na nuna kamar ban daɗe da ji ba, na ce ina kan lamarin, ya ba ni wata biyu, in abinci bai narkar da shi ba sai a je. Na ji a numfashinsa cewa bai gamsu ba, amma a wurinmu mutum ba ya jayayya da wadda take matsayin uwar matarsa. Ya ce to Yaya, Allah ya sa a dace. Da kunyar da yake ji na yi amfani na ƙara ɗaure yarinyar nan wata biyu.

Ban bari ta zo gidana ba a tsawon lokacin, ni ma ban je ba, kullum da uzurina. Yanzu na san ina gudun ganin wurin ne. Sai da aka yi rasuwa a dangin mijin, dole ta sa na tafi Tudun Wada gaisuwa. Da na gan ta a tsakar gida ban so na gane ta ba, ta rame, wuyanta ya fito, zaninta sai da ta ninka shi kafin ya ɗauru. Bayan an yi addu'a ta ja ni ɗaki, ta sakaya ƙofa, ta ɗaga rigarta. Nonon ya kumbura, fatar ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, kan ya shige ciki. Ta kama hannuna ta kai hammatarta, na ji wasu ƙullutai biyu a can. Sai ta ce mini wallahi tun ranar sunan nan ba ta ƙara taɓa mai ba, ta tambaye ni ko akwai wani abin da take yi ba daidai ba a wajen dafa zogalen. Nan take na fita da kaina na sa aka kira mijin daga wajen zaman makoki, na ce masa gobe da safe mu tafi.

Asibitin kusa suna dubawa suka rubuta mana takarda zuwa Kano. Can aka yi hoto, aka sa allura aka ciri ɗan nama don gwaji, aka ce mu dawo. Kwanakin jiran nan ban iya koyarwa ba, in na tsaya gaban allo sai in manta abin da na zo rubutawa. Ranar da muka koma mu uku muka shiga wurin likitar, mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta gaya mana ciwon ne, kuma ya kai hammata. Sannan ta juya ga ƙanwata ta tambaye ta tun yaushe ta fara jin ƙullutun, ta ce tana son gaskiyar lokaci don yana taimaka musu su san irin saurin da ciwon yake yi. Ƙanwata ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ce bai fi wata uku ba. Rufa mini asiri take yi a gaban mijinta. Likitar ta ɗauki biro za ta rubuta.

In na yi shiru, mijin zai ci gaba da ganin girmana, dangi ba za su taɓa sani ba, amma za a yi wa yarinyar nan magani a kan ƙarya. In na yi magana, na gama zubar da abin da na tara shekara da shekaru. Na dai ji bakina yana cewa likita ta dakata, ba haka ba ne. Na ce tun tana da ciki take jin sa, ni kuma na taɓa shi da hannuna a wankan jego wata takwas da suka wuce, ta nemi a kai ta asibiti na hana, na hana ta gaya wa mijinta, na ce abinci zai narkar da shi. Mijin bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba. Hularsa ya cire ya riƙe a hannu yana kallon ƙasa, can ya tambaya a hankali ko lokacin da ya kira ni ɗin nan na riga na sani. Na ce na sani. Ya gyaɗa kai.

Likitar ba ta zage ni ba, na ma so a ce ta zage ni. Ta ce abincin da nake koya wa mutane mai kyau ne, kada in daina, ganye da wake da rage maiƙo da kula da nauyin jiki suna taimaka wa mai lafiya ta rage haɗari. Amma ta ce ragewa ce kawai, akwai matan da suke kiyaye duk wannan kuma ciwon ya same su, musamman waɗanda mahaifiyarsu ta yi shi. Ta ce in ƙullutu ya riga ya fito, babu ganyen da zai narkar da shi, sannan yawancin ƙullutan masu jego ba daji ba ne, amma gwaji ne yake bambancewa, ba hannun mai wanka ba. Ta kuma ce na bar mai shayarwa da yunwa, yanzu sai an gina jikinta da nama da ƙwai da madara kafin ta iya ɗaukar maganin da ke gabanta. Ni ma ta sa aka duba ni a ranar. Ba a same ni da komai ba, kuma ban ji daɗin hakan yadda ya kamata ba.

Aka yaye yaron da ƙarfi bai kai shekara ba, surukar nan da na raina wa man shanu ita ta ɗauke shi. Aka fara yi wa ƙanwata ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, tana amai har sai ta kasa ɗaga kai, daga baya aka cire nonon gaba ɗaya tare da ƙullutan hammatar. Ni na zauna da ita a asibiti, don ta ce ba ta son kowa sai ni. Na taɓa tare likitar a baranda na tambaye ta ko da mun zo tun jego da ba a kai ga haka ba. Ta ce ba za ta iya rantsewa a kan abin da bai faru ba, amma ciwon da aka kama yana ƙarami ya fi sauƙin magani nesa ba kusa ba. Ban sake tambaya ba.

Yau ƙanwata tana raye, alhamdu lillahi, tana shan magani, ana duba ta lokaci-lokaci, kuma ba wanda ya ce mana an gama. Duk ranar da za a koma asibiti ba na iya karyawa. Mijinta yana gaishe ni kamar da, har ƙasa, amma bai ƙara neman shawarata a kan komai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini maganar ba. Na durƙusa na roƙe ta gafara, ta ce ai don ina son ta na yi. Wannan kalma ta fi mini zagi ciwo, domin gaskiya ce, kuma son bai hana abin da ya faru faruwa ba.

Abin da na koya shi ne, rabin sani a bakin wadda ake jin maganarta yana iya yin ɓarnar da jahilci bai yi ba, don jahili ana iya yi masa musu, ni kuwa ba wanda ya iya. 'Yan'uwana mata, ku ci ganye, ku ci wake, ku rage maiƙo da zaƙi, ku shayar da 'ya'yanku, duk wannan yana da amfani kuma ni ma ban daina ba. Amma ranar da hannunki ya taɓa ƙullutu a nononki, ko a na wadda kike yi wa wanka, aikin madafa ya ƙare, saura na asibiti. Kada ki jira arba'in, kada ki jira yaye, kada ki jira izinin kowa. Ku kuma maza, in kun ga abin da bai kwanta muku ba a jikin matanku, ku kai su, a ba yaya ko suruka haƙuri daga baya. Ƙanwata ta tambayi a kai ta asibiti tun ƙullutun bai wuce ƙwallon aduwa ba, ita ce mai gaskiya a cikinmu, kuma ba abin da ya hana ta zuwa sai biyayyar da take yi mini.